AMSOSHIN WASIƘUNKU: HANNUN TARAKTA MAI HAƘA YA ƘI JUYAWA

Kamar yadda aka saba, abin da muka karanta muku a rediyo shi ne muke bugawa a nan, saboda wanda bai samu saurare ba, da kuma wanda ya saurara amma yana son ya ajiye takardar ya nuna wa direbansa ko bakanikensa. A wannan mako wasiƙu uku ne suka taru a kan abu guda, watau taraktar nan mai bokitin kwasa a gaba da hannun haƙa a baya, wadda mutane da yawa ke kira JCB ko da kuwa ba wannan kamfani ne ya ƙera ta ba. Sunan dai haruffan sunan wani Baturen Ingila ne, Joseph Cyril Bamford, wanda ya kafa kamfaninsa a 1945, ya kuma fito da irin wannan mota a 1953. Ni dai kun sani ba bakanike ba ne, alli na fara riƙewa kafin aikin rediyo. Don haka sai da na ɗauki wasiƙun nan na yi yini biyu a garejin manyan motoci, na kuma buɗe littattafan da ke zuwa tare da irin waɗannan injuna, kafin in zo muku da amsa.

TAMBAYA: Wani mai saurarenmu daga yankin Kura ta Jihar Kano ya rubuto a madadin ƙungiyarsu ta manoman rani. Ya ce karo-karo suka yi suka sayi tarakta mai haƙa ta hannu, suna yashe magudanan ruwa da ita, suna kuma ba da ita haya ga masu haƙa tafkin kifi da harsashin gini. To yanzu ta tsiro musu da wani hali. Tana haƙa lafiya, tana ɗaga ƙasa lafiya, hannun yana juyawa dama da ƙarfinsa, amma in aka ce ya juya hagu sai ya shiga tafiyar hawainiya, in bokitin ya cika ma sai ya tsaya cak. Da safe abin da sauƙi, in rana ta take sai ya ƙara muni. Ya ce kuma in motar ta tsaya a karkace, hannun yakan zame da kansa zuwa dama ba tare da an taɓa liba ba. Wani bakanike ya ce musu famfo ne ya mutu, a kawo kuɗin sabo, kuɗin kuwa ba za su haɗu ba sai an sayar da shinkafar da ƙungiya ta ajiye. Shin su sayar ko kada su sayar?

AMSA: To Malam, Allah ya ba da haƙuri, ka gai da sauran 'yan ƙungiya. Kada ku sayar da ko tiya guda tukuna. Ban ga motarku ba, amma daga abin da ka rubuto da wuya a ce famfo ne, kuma zan gaya maka dalili.

Duk motsin da hannun nan yake yi, mai ne yake yin sa, man haidurolik. Injin yana juya famfo, famfo yana zuƙo mai daga tanki yana tura shi cikin tiyo zuwa ga jerin bawul ɗin da libobin direba suke kai. In direba ya ja liba, wata 'yar sandar ƙarfe da ke cikin bawul sai ta gusa, ta buɗe wa mai hanya zuwa silinda, man ya tura fistin, fistin ya tura sandar silinda, hannu ya motsa. Lokacin da muke kwalejin horon malamai an koya mana dokar wani Bafaranshe mai suna Pascal, wanda ya rayu a ƙarni na 17, cewa in ka matsa ruwa a cikin abin da yake rufe, matsin yakan kai ko'ina daidai wa daida. A lokacin don cin jarrabawa kawai muka haddace, ashe ga inda take aiki. Alal misali, in matsin mai ya kai bar 200, to kowane murabba'in santimita yana ɗauke da nauyin kusan kilo 200 ke nan. Fistin mai faɗin santimita 8 yana da fuska ta kusan murabba'in santimita 50. Ka ninka, za ka samu kilo 10,000, watau tan 10, daga abin da bai fi bakin kofin shayi faɗi ba.

Shi kuma juyin hagu da dama, a yawancin motocin nan silinda biyu ne gajeru suke yin sa, suna kwance a gindin hannu, a maƙale da ginshiƙin da hannun ke juyawa a kansa. An haɗa tiyonsu a gicciye, ta yadda in ɗaya yana turawa ɗayan yana ja, kamar mutum biyu masu juya dutsen niƙa. Da haka hannun yake yin rabin da'ira, kusan digiri 180. Layin mai biyu ne ke zuwa musu daga bawul, ɗaya na hagu ɗaya na dama.

To ga inda maganar famfo ta sami tangarɗa. Famfo bai san hagu ba bai san dama ba. Man da yake turawa ka juya dama, shi ne dai yake turawa ka juya hagu, shi ne kuma yake ɗaga hannu yake naɗe bokiti. Famfon da ya gaji, komai zai yi sanyi a tare, ɗagawa da haƙa da juyi duka. Ko a motocin da ke da famfo tagwaye, inda ɗaya ke kula da wani sashe, in na juyi ya gaji to hagu da dama duk za su raunana, ba ɓangare guda ba. Tunda taku tana haƙa tana ɗagawa, tana kuma juyawa dama da ƙarfi, to famfo ya yi rantsuwarsa ya fita. Ku nemi ɓarawon a layin hagu.

Kafin kowa ya ɗauki sifana, ga magana wadda ta fi ta kuɗi. A kai motar fili shimfiɗaɗɗe, a sauke ƙafafun tokara, a ajiye bokiti a ƙasa, a kashe injin a zare makulli, sa'an nan a riƙa kaɗa libobin gaba da baya sau da yawa don matsin da ya rage ya sauka. A bari mai ya huce. A kori yara, domin kun san yadda suke taruwa kallo, kuma hannun nan in ya kubce ba ya sallama. Sa'an nan kada wanda ya kuskura ya shafa tiyo da hannu don neman inda mai ke tsartuwa alhali injin yana aiki. Man da ke fita ta ƙaramar huda yakan fito siriri kamar allura, kuma matsin da bai wuce bar 7 ba ya isa ya huda fatar mutum, balle 200. Wurin zai zama kamar ƙaya ce ta soke ka, ba jini ba komai, amma man ya riga ya shige cikin nama yana kashe shi. Wanda wannan ya same shi a kai shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita mai ne ya shiga da matsi, domin aikin tiyata ne, kuma sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da rasa yatsa ko hannu. Ba a ɗaure shi da tsumma a ce sai gobe. Da guntun kwali ake neman tsartuwa, a riƙe shi daga nesa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yanzu sai bincike, kuma ku fara da abin da ba ya cin kwabo. A duba ƙusar kulle. Motocin nan suna da wani fin ko makulli da ake sa wa hannu lokacin tafiya a titi don kada ya yi ta lilo. Kada ka yi dariya, Malam, a garejin da na je an ba ni labarin motar da aka jawo daga nesa a kan juyi ya ƙi, aka zo aka tarar makullin ne bai gama fita ba. A duba kuma ko dutse ko busasshiyar laka ta cushe a gindin ginshiƙin ta ɓangaren hagu, ko wani ƙarfe ya lanƙwashe yana gugar wani. A dubi sandunan silindar biyu, ko akwai wadda ta tanƙware. A duba mai a tanki, a tabbatar ya kai layinsa.

Daga nan sai liba. Tsakanin hannun direba da 'yar sandar bawul akwai 'yan ƙarafa da ƙananan fin da suke cinyewa da tsufa. In sun cinye, direba zai ja liba har ƙarshe amma sandar bawul ba ta yi rabin tafiyarta ba, ƙofar mai ta buɗe kaɗan ke nan. Injin a kashe, mutum ɗaya ya kaɗa liba hagu da dama, wani ya zuba ido a kan sandar, ya ga ko tafiyar da take yi ciki daidai take da wadda take yi waje. In akwai bambanci, to an kama ɓarawo da kuɗin da bai kai na buhun taki ba.

In duk wannan lafiya, to ga wanda ni na fi zargi. A layin juyi akwai wasu ƙananan bawul biyu na kariya, waɗanda kanikawa ke kira rilif, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Aikinsu shi ne, in hannu yana gudu da bokiti cike direba ya saki liba farat ɗaya, ko hannun ya daki wani abu, matsi zai hau fiye da kima, sai bawul ɗin ya buɗe ya saki mai kaɗan don kada tiyo ya fashe ko ƙarfe ya tsage, sa'an nan ya koma ya rufe. A cikinsa ba wani abu ba ne illa sifirin da wani ɗan ƙarfe mai tsini da ke toshe rami. To in ɗan tsakuwa ko guntun roba ya maƙale a bakin ramin, ko sifirin ɗin ya karye, ƙofar ba za ta rufu ba. Duk man da aka turo don juya hagu sai ya riƙa sulalewa ta nan, kamar mai ban ruwa da ɓera ya huda masa kunya, ruwa na shigowa amma ba ya kai wa ƙarshen fage.

Ka lura da yadda alamominka uku suka haɗu a nan. Juyin hagu ba ƙarfi, domin man hagu yana zurarewa. Abin yana ƙaruwa da rana, domin mai in ya yi zafi yakan tsinke, tsinkakken mai kuwa ya fi saurin bin ƙaramar kafa. Sa'an nan hannun yana zamewa dama a gangare, domin man da ke layin hagu shi ne yake tokare hannu kada ya tafi dama, to tunda yana zurarewa, ba mai tokarewa. Da ka ce mini yana zamewa ko'ina, hagu da dama, da sai in fi karkata ga wani abu dabam, wanda zan zo kansa.

Yadda za ku tabbatar kuwa, ba sai an sayi komai ba. Bayan an sauke matsi kamar yadda na faɗa, a wanke wurin tas, a yi wa tiyon juyi biyun alama, a kwance su daga bakin bawul a musanya, na hagu ya koma gurbin na dama, na dama ya koma gurbin na hagu. A tuna fa yanzu liba ta juye, in an ja hagu hannu dama zai tafi, don haka kowa ya ja da baya, a tada injin da ƙaramin totur, a gwada a hankali. In raunin ya tashi ya koma juyin dama, to cutar tana cikin bawul, ko rilif ko sandar ko liba. In kuwa har yanzu juyin hagu ne ba ƙarfi, to cutar tana gaba, a tiyo ko a silinda. Sai dai a wasu motocin rilif ɗin juyi ba a jikin babban bawul suke ba, suna cikin wani ɗan dunƙulen ƙarfe dabam tsakanin bawul da silinda, don haka a bi tiyon da ido a gani kafin a yanke hukunci. In an gama a mayar da kowane tiyo gurbinsa, kada a bar wa direba liba a juye. Haka kuma in rilif ɗin biyu iri ɗaya ne, ana iya musanya su su kansu, in rauni ya bi ɗaya ya koma dama, magana ta ƙare.

In an ciro rilif, a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a jera kayan cikinsa bi da bi, a wanke da man gas mai tsabta, a dubi tsinin da mazauninsa ko sun yi zane, a dubi sifirin, a sake 'yan robobin da ke jikinsa. Amma ina roƙonku abu guda. Akwai wani noti a bayansa da ake ƙara masa ƙarfi ko a rage. Wasu yaran gareji da sun ga juyi ba ƙarfi sai su ɗaure shi tam, motar ta yi kamar ta warke, a biya su su tafi. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Kun cire mai gadi ke nan, ranar da hannu ya daki kututture, sandar silinda ce za ta lanƙwashe ko ginshiƙi ya tsage, garin gyaran gira a rasa ido. Ba a taɓa notin nan sai da agogon auna matsi a jikin layi, da kuma adadin da littafin motar ya faɗa, domin kowace mota da nata. Bakaniken da ya ce muku famfo ya mutu, ku tambaye shi cikin ladabi, ya sa agogo ya auna? In bai auna ba, to tsammani ya sayar muku.

Wani abu kuma, in kun tarar da guntun baƙar roba a cikin rilif, kada murna ta sa ku rufe ku tafi. Robar nan daga wani wuri ta ɓallo, ko daga cikin tsohon tiyo da ya fara ruɓewa, ko daga robar fistin. In ba a gano mafarinta ba, bayan mako guda wata za ta sake zuwa ta zauna a wurin. Tiyo yakan yi kyau a waje alhali cikinsa ya saluɓe, saluɓen ya riƙa toshe hanya in mai ya bi ta gefe guda, ya buɗe in ya dawo. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar kafa da ake sawa a bakin silindar juyi don rage gudu, ita ma datti yana toshe ta.

Saura maganar robar fistin, wadda ita ce ta biyu a zargina. Fistin yana da roba kewaye da shi mai hana mai tsallakawa daga gaba zuwa baya. In ta cinye, mai zai riƙa wucewa ta cikin silinda, ba ɗigo ko ɗaya a waje, shi ya sa take ɓoyuwa. Da yake silindar biyu a haɗe suke, guda ɗaya in ta lalace takan raunana juyin gaba ɗaya, yawanci hagu da dama, ko da yake wani lokaci ta fi zuba ta gefe guda. Alamar farko ita ce zafi. A yi aiki na ɗan lokaci, a kashe, a taɓa jikin silindar biyu da bayan hannu, wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai ita ce abin tuhuma, domin duk inda mai ke kutsawa ta ƙaramar kafa da matsi, wurin yakan ɗau zafi. Tabbatarwa kuwa aikin bakanike ne. Zai gwada kowace silinda ita kaɗai, ya kai fistin ƙarshen tafiyarsa, ya kwance tiyon ɓangaren da ba matsi ya toshe bakin tiyon, ya ba ɗaya ɓangaren mai. In mai ya riƙa kwararowa ta bakin silindar da aka buɗe, roba ta tafi. Ana sayar da robobin a ƙunshi guda, kuma in za a sake, a sake na silinda biyun, tunda tare suka tsufa. A dubi cikin silindar ma, in ya yi zane mai zurfi sabuwar roba ba za ta daɗe ba.

Daga ƙarshe ku zauna da direbanku. Hannun nan don haƙa da ɗagawa aka yi shi, juyi kuwa don kai ƙasa gefe a zubar. Direbobi da yawa suna share tarin ƙasa da gefen bokiti, ko su rushe katanga da shi, don sauri. Wannan shi ne babban abin da ke kashe rilif da robobi da fin na juyi. Ga bokitin gaba nan an yi shi don tura ƙasa. In kuma ana aiki a gangare kamar gefen magudana, a daidaita motar da ƙafafun tokara, a riƙa zubar da ƙasa ta ɓangaren tudu, domin juya cikakken bokiti ta gangare yana iya kifar da motar.

TAMBAYA: Wani ɗan kasuwa daga Talata Mafara ta Jihar Zamfara ya ce shi hannun haƙa kawai ya saya ya ɗaura a bayan taraktar nomansa. Juyin yana fizga yana tsayawa, famfo yana kuka, man tanki yana kumfa, kuma in ya saki liba bokitin ba ya tsayawa inda ya so, sai ya yi ta rangaji, har ya taɓa fasa wa mai gida bututun ruwa aka sa shi biya.

AMSA: Alhaji, naka ciwo biyu ne a jiki guda. Fizga da kuka da kumfa, wannan iska ce ta shiga cikin mai. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake tura ƙarfe, iska kuwa tana matsuwa kamar soso, sai ta lotsa sa'an nan ta saki gaba ɗaya, hannu ya zabura. Ta ina take shiga? Ko mai ya yi ƙasa a tanki, ko tiyon da famfo ke zuƙa ta cikinsa ya tsage ko ɗaurinsa ya yi sako-sako. Shi wannan tiyo ba ya zubar da mai ka gani, domin zuƙa yake yi ba turawa ba, iska yake sha a ɓoye. Akwai kuma rariya a bakinsa cikin tanki, in ta toshe famfo zai yi ta kuka don yunwa, kuma famfon da aka bari da yunwa shi ne yake mutuwa da gaske. Ka cika mai, ka ɗaure ɗauri, ka wanke rariya, ka sake filta, sa'an nan da ƙaramin totur ka juya hannu hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, a hankali, kamar sau goma, iskar za ta koma tanki ta fice. In kuwa man ya yi fari kamar an zuba madara kuma bai washe ba bayan ya kwana, wannan ruwa ne ba iska ba, sai an zubar an sake.

Tunda naka ɗaurawa aka yi, akwai abin da za ka ƙara dubawa. In hannun yana da famfonsa da ake sawa a sandar bayan tarakta mai juyawa, yawanci an yi shi ne don juyi 540 a minti, in totur ya yi ƙasa komai zai yi sanyi. In kuwa daga man taraktar yake sha, ka dubi bakunan nan da ake cusa tiyo a ciki, domin in ɗaya bai gama shiga ba mai zai tafi ya kasa dawowa. Sa'an nan tsarin mai iri biyu ne a taraktoci. A wasu, mai yana zagayawa kullum ya koma tanki ko ba a aiki, a wasu kuma, kamar yawancin tsofaffin manyan John Deere, mai yana tsaye da matsi sai an buƙace shi. In aka haɗa hannu mai wannan tsari da tarakta mai wancan ba tare da an daidaita bawul ba, mai zai yi ta zafi, aiki ba ƙarfi. Zafin da ya haura digiri 80 kuwa yana ƙona robobi. Wannan tambaya ce da za ka yi wa wanda ya haɗa maka.

Rangajin kuma ba na mai ba ne, na ƙarfe ne. Fin da bushin na ginshiƙi da na bakin silinda sun cinye. Ka miƙe hannun, bokiti ya ɗan taɓa ƙasa kaɗan, a kashe injin, mutum biyu su tura shi hagu da dama kai kana kallon gindi, za ka ga inda ke wasa. Kada ka raina shi. In fin yana nesa da tsakiyar ginshiƙi da santimita 20, bokiti kuma yana can mita 4, to duk wasan da fin ya yi, bokiti zai yi ninkinsa 20. Wasan milimita 2 a gindi ya zama santimita 4 a baki, in wurare uku suna wasa ka ga an kai tsawon yatsa da ɗoriya, ga bututun mutane ya tafi. A sake bushin tun ramin bai zama ƙwai ba, domin in ya kai nan sai walda da injin gyaran rami. Giris kuma kullum safiya kafin a fara aiki, a matsa har sai tsohon ya fito. Mu da ke fama da ƙurar hunturu, giris ɗin da ya kwana biyu da yashi ya zama dutsen wasa wuƙa.

TAMBAYA: Wani matashi direba daga Haɗejia ya ce in mai ya ƙare musu a daji, maigidansa yakan ce a ƙara da baƙin man da aka juye daga injin, wani lokaci har da man burki. Yana tambaya ko akwai illa.

AMSA: Samari, ka kyauta da ka tambaya, ka kuma karanta wa maigida wannan cikin girmamawa. Man burki ko kusa, domin ba jinsinsu ɗaya ba, yana kumbura robobin ya lalata su, kuma ba na silinda ɗaya ba, na motar duka. Baƙin man da aka juye shi ma a'a, cike yake da toka da garin ƙarfe. Tazarar da ke tsakanin sandar bawul da gidanta ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙurar da ido ba ya gani ma tana cin ta. Sabon man injin kuwa, akwai kamfanonin da suka yarda da wani nau'insa a wasu motocinsu, akwai waɗanda ba su yarda ba, littafin motar ne alƙali. Man haidurolik da aka fi samu a kasuwa shi ne mai lamba 46 da mai lamba 68, na 68 ya fi kauri, shi ya sa ake yawan zaɓensa a ƙasar zafi in littafi ya ba da dama. Amma taraktar noma wadda giya da burki da haidurolik ke shan mai daga wuri guda, ita nata man dabam ne, kada a zuba mata wannan. Ku riƙa tafiya da jarka guda a rufe, da mazurarinta a cikin leda, a goge bakin tanki kafin a buɗe.

'Yan ƙungiyar Kura, in kun yi gwajin musanya tiyon nan ku rubuto mana abin da kuka gani, ku haɗo da sunan motar da lambar da ke jikin farantin ƙarfenta, don mu duba muku adadin matsin da ya dace a littafinta. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wasiƙun da suka taru a kan injin ban ruwa mai ƙin jan ruwa. A huta lafiya.